Notin Bindigar Bappa Sali

Duk wanda ya san Bappa Sali ya san ba ya ɗaga kai in yana tafiya. Baƙi sukan ɗauka tsoron Allah ne. Akwai wani malami da ya zo wa'azi Lamorde, har misali ya buga da shi, wai a dubi dattijon nan, ko mace ba ya ɗaga ido ya kalla. Muna cikin gida muna ji ta lasifika, sai da ƙanwarsa Goggo Adama ta ƙware da kunu. Ai ƙarfe yake nema. Kusa, noti, guntun waya, haƙorin sarƙar keke, duk abin da ya faɗo daga jikin wani abu nasa ne. Da yanar ido ta rufe masa gani sai ya koma jan ƙafa a ƙasa yana saurare. In ya ji ƙyal, nan zai tsaya, ko a tsakiyar titi ne, masu keke napep suna ta danna masa oda. In an yi magana ya ce, "Ƙarfe ba ya mutuwa, aiki ne ya rasa." Duk kun ga gwangwanayen madarar da ke jere a ƙarƙashin gadonsa.

Yaya Umaru ya ce tun da an yi arba'in, kowa a dangi ya rubuto abin da yake tunawa da shi. Na karanta naku na yi dariya har da hawaye. Nawa ma akwai dariya a ciki, amma ku yi haƙuri da ni, har yau in salansar mashin ta buga a bakin titi sai in tsinci kaina a tsugune. Ku da kuke nesa an ce muku bindigarsa ce ta lalace shi ya sa bai bi maharba ba. Gaskiya ne, sai dai ba a gaya muku wanda ya lalata ta ba. Goggo ta ce in faɗa, amma kada in ƙara gishiri a nata ɓangaren.

Kun san bindigar, ta toka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, ta girmi mahaifinmu marigayi. Shekarar da muka gudu daga gari saboda tashin hankali, ina ƙarama, da ita a kafaɗa ya raka mu har inda muka fake, ya juyo ya shiga cikin maharba. Tun daga nan babu mai iya gaya masa ya tsufa. Tana rataye a saman ƙofar ɗakinsa, kullum a ɗure, don a wajensa bindigar da ba komai a cikinta sanda ta fi ta, sanda ba ta da nauyi. Tun da na gama sakandare ni ce idonsa. Duk safiyar Juma'a zai sauko da ita ya shafa mata mai, ni kuma in kwance ɗan notin da ke riƙe da kunama, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake ja baya ya sara, in goge in mayar. Da wutsiyar cokalin da ya wasa nake juya shi. Notin bai fi ƙwayar masara ba. Duk gidan, ban da Bappa, ni kaɗai na san in babu shi bindigar ba za ta tashi ba.

Ranar wata Litinin, damina ta kusa ɗaukewa, maharba biyu suka yi sallama. An kore shanun mutane a tsallaken mayo, wato kogi, ɓarayin suna da manyan bindigogi, an ga sawunsu ya yi wajen duwatsun bakin iyaka. Asabar da asuba za a bi su. Addu'a suka zo nema da kwatancen tsohuwar hanya. Shi kuwa Bappa gayyata ya ji. Kafin su kai zaure ya fara tambaya ina takalminsa na roba.

Goggo ta fito daga kan kekenta na ɗinki da almakashi a hannu. Ta tuna masa shekarunsa sun haura saba'in. Ta tuna masa ko shekaranjiya turmi ya tarar an rufe da zane a tsakar gida, ya tsaya ya gaishe shi har da tambayar mutanen gida. Ya ce ai ya lura baƙon bai amsa ba, shi ya sa ya ɗauka ita ce. Hamma take kiransa, wato yaya. Ta ce, "Hamma, kashe ka za su yi." Ya ce in kwana ya ƙare ko a kan tabarma ne za a tafi, ya shige ɗaki.

Da ya fita sallar la'asar Goggo ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ba ta san komai a jikin abin nan ba, amma ta san ni na sani. In cire wani abu ƙarami, wanda ba zai gani ba, in riƙe har Asabar ta wuce. Na ce ina tsoro. Ta ce in zaɓa, tsoron faɗansa ko tsoron a kawo mana shi a naɗe. Na hau kujera na sauko da ita, cokalin ya suɓuce mini sau biyu. Na cire notin, na jingina kunamar a mazauninta kamar ba abin da ya faru, na ƙulle shi a bakin zanena. Tunaninmu ɗaya ne ni da Goggo: babu noti, babu tafiya. Mutumin da ya shekara hamsin yana tsintar ƙarfe muka yi wa wannan lissafin.

Talata da safe ya sauko da ita zai duba, kunama ta faɗo masa a cinya. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya saka wa ƙofar gida sakata. Ya ce yau ba shara, ba mai fita, har kaji. Ya sa na tankaɗe yashin ɗakinsa da rariyar garin Goggo. Ya ɗauko mayen ƙarfen da ya ciro daga wata matacciyar rediyo, ya ɗaure da igiya, yana jan sa lungu lungu kamar mai yawo da akuya. Da bai samu ba sai zarginsa ya koma kan kaji. Ɗaya bayan ɗaya na kama su yana goga musu mayen ƙarfe a maƙoshi. Jan zakaran nan ya yi wani irin kuka, nan take Bappa ya yanke hukunci shi ne ɓarawon. Goggo ta ce to a yanka a duba mana. Ya ce zakara guda ba baƙo ba suna? A ɗaure shi a gindin turmi, abin da ya shiga zai fito. Kwana huɗu zakaran nan ya yi a tsare, Bappa yana bin kashinsa da tsinke.

Bayan azahar ya juye gwangwanayensa kaf a kan tabarma, ya zaunar da ni in gwada su ɗaya ɗaya. Babu wanda ya shiga. Na asalin wani tsohon maƙeri ne ya yi shi da hannu, ya daɗe da rasuwa, ba irin na kanti ba ne. Ina zaune ina gwada na ƙarya, na gaskiyan yana ƙulle a gwiwata. Can ya gaji da riƙon mayen ƙarfen ya ajiye shi a gefena. Ina kallo bakin zanena ya ɗaga da kansa ya manne masa, taf.

Na yi tarin ƙarya, na juya baya, na kwance ƙullin na jefa notin a baki.

Kun san Hausar Bappa, mace da namiji duk kai ne. Ya ce, "Kai Hapsatu, me ya sa ka yi shiru? Kullum bakinka kamar rediyo."

Na ce haƙori, da kyar maganar ta fito.

"Buɗe in gani."

Na tura shi ƙarƙashin harshe na buɗe. Ya matso har hancinsa yana taɓa nawa, don haka yake ganin abu, sai ya kawo shi dab da fuska. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya ce lallai ga shi can, baƙi ƙirin, alawar makaranta ce ta cinye shi, ya ciro kanumfari daga aljihu ya ba ni. Lafiyayyen haƙori ne. Da na ba Goggo labari ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa ban iya ba. Mutumin da ya leƙa bakina bai ga ƙarfe a ciki ba, shi ne zai je ya tsaya gaban masu manyan bindigogi.

Laraba ya ce mu je Nassarawo wajen Malam Iro maƙeri, abokin wasansa, wanda kakanninsa suka zo daga wajen Katsina. Na ce mu tari keke. Ya ce ƙafa kyauta Allah ya ba shi, ba zai biya wani ya ɗauke masa ita ba. Ya naɗe bindigar a tsohuwar tabarma ya ɗora mini a ka, shi yana gaba yana jan ƙafa. Sau uku muka tsaya tsintar kusa.

Malam Iro yana hango mu ya ce, "A'a, ɗan Fulani, yau kuma wace saniyar ce ta shure ka?" Bappa ya ce ya zo ne ya taimaka wa mai baƙin hanci da aiki, kada yunwa ta kashe shi. Goggo ta riga ta kira shi a waya tun daren jiya, ya san abin da ake ciki. Ya juya bindigar, ya yi dogon tsaki irin na masu sana'a, ya ce wannan ramin sai an yi masa awo na musamman, a bar ta a wajensa mako guda.

Bappa ya ce, "Ka taɓa ganin mutum ya bar matarsa mako guda a gidan maƙeri?"

Masu zaman maƙera suka kwashe da dariya, Malam Iro ma yana yi. Sai ya kai hanci bakin bindigar ya shinshina, dariyar ta tsaya. Ya tambaya yaushe aka ɗura ta. Bappa ya ce tun kafin ruwan farko. A nan na tuna ɗurarriyar bindiga ce na ɗauko a kaina tun daga Lamorde, na zauna a kan wani kututture. Malam Iro ya ajiye wasa ya ce albarushin nan ya sha damina guda a ɗakin da ke yoyo, a bari ya zazzage shi a zuba sabo. Bappa ya ce albarushi ba tuwo ba ne da zai yi tsami, kuma shi ba ya zubar da abin da bai yi aiki ba. Ya karɓe abarsa ya naɗe.

Za mu fita Malam Iro ya riƙe ni da magana ƙasa ƙasa. Ya ce, "'Yata, na san shi, zai ƙulla wani abu ya gwada. In kunama ta sara kika ji shiru, kada kowa ya matsa. Mai ɗanshi takan ci a hankali a ciki, sai an saki jiki ta tashi." Ya ɗaga murya ya maimaita wa Bappa. Bappa ya ce tun Iro yana tsotson yatsa yake harbi.

Da dawowa shi ya saɓa ta. Na bar masa tazarar gida biyu.

Alhamis Goggo ta tafi suna a maƙwabta. Tana fita na ji ƙwas ƙwas a ɗakinta. Na leƙa, sai ga Bappa a durƙushe gaban keken ɗinki, yana lalube da yatsa, wutsiyar cokali a baki. Ya ce tun jiya yake tunani, injin da ke sara allura sau dubu a yini dole notinsa ya san aiki. Ya kwance guda uku ya kira ni gwaji. Biyu suka ƙi. Na ukun ya shiga, amma siriri ne, kunamar tana lilo kamar haƙorin tsohuwa. Ya sa na naɗa masa zare, zaren ma na Goggo, har ya ɗan kama. Ya ja kunamar baya ya ji ta tsaya, fuskarsa ta washe. Ya ce gobe bayan Juma'a za a gwada, jibi a kama hanya.

Goggo ta dawo ga ɗinkin biki na mutane a jibge. Ta taka keke, wani ƙarfe ya zame, allura ta karye. Ta fito tsakar gida baki buɗe, ya riga ta da cewa aro ne, in ya dawo daga daji zai mayar. Ta dube shi, ta dube ni, ta haɗiye abin da ta ɗauko. Duk wanda ya san Goggo ya san abin da wannan haɗiyar ta ci mata. Bappa har ya damu, ya tambaye ni ko ba ta da lafiya ne.

A madafa na ce mata mu mayar masa da nasa. Na ce da hannuna na ɗaura wancan, na san ba zai riƙe ba, gara ya tafi da lafiyayyar bindiga da ya tafi da wadda za ta juyo kansa. Ta ce in na mayar, tafiyar ta tabbata, kuma ni na buɗe masa ƙofa. In na bari, wataƙila gwajin gobe ya ƙi, ya haƙura. Na ce in kuma bai ƙi ba fa? In ya fashe masa a fuska fa? Ta tura itace a murhu, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ban taɓa jin Goggo ta ce ba ta sani ba. Tuwon ranar ko loma ban kai ba. Ta ko'ina na juya abin, hannuna ne a ciki.

Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira ni bayan gida, gonar masarar da ta gangara wajen mayo. Yadda maharba ke gwada bindigar da aka yi wa gyara shi ne a ɗaure ta a jikin itace, a ja da igiya daga nesa. Wannan kam bai yi gardama da shi ba. Ya ɗaure ta a gindin darbejiya, bakinta yana kallon wani suri. Igiyar kuwa ta shanyar Goggo ce, kayan ya tara su a kan katanga. Ya ja kunama baya, ya ƙulla bakin igiyar a inda ake sa yatsa, muka ja da baya har iyakar tsawonta. Goggo tana tsaye a ƙofar baya, ta toshe kunne.

Ya yi bismillah ya fizga.

Ƙyas. Kunama ta sara. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefe, kamar na turaren tsinke. Shi ke nan. Har kukan kurciya ina ji daga bakin mayo.

Ya ɗan jira, bai fi a ce numfashi uku ba. Ya yi tsaki ya saki igiyar ya nufe ta. Na ce Bappa, Malam Iro ya ce a jira. Ya ce to Iro ya jira. Kuma ba ta baya ya nufa ba. Ta wajen baki ya zagaya, don al'adarsa ce in ta ƙi tashi ya shinshina bakin ya ji ko wuta ta kama. Hayaƙin nan bai daina fita ba. Ni ina ganinsa, shi ba ya gani.

Ban san lokacin da na tsallake kunyoyin masarar ba. Na dai ga kaina a gabansa, bakin bindigar yana bayana, har ina jin kamar ana hura mini sanyi a tsakiyar baya. Na tura shi da hannu biyu. Kun san Bappa, tsufa bai cinye masa ƙashi ba, ya kawar da ni da damtse ɗaya kamar labule, ya ce in matsa, wannan ba wurin yara ba ne. Ya fara sunkuyawa.

Na ce, "Notin yana wurina. Ni na cire."

Ya tsaya a sunkuye.

Na kamo bakin zane, da haƙori na warware ƙullin. Na ɗaga shi sama na ce ga shi, Bappa, na gaskiyan, zo ka karɓa. Na fara ja da baya ta gefe, cikin masara, yadda ake jan akuya da dusa. Ya miƙe. Ya miƙo hannu. Ba ni ya biyo ba, na sani, notin ya biyo. Taku ɗaya. Biyu. A na uku ta tashi.

Ba zan iya kwatanta muku ƙarar ba. Abin da na tuna shi ne ƙasa a bakina, da warin albarushi, da wani dogon kuka a kunnena na hagu wanda har yau in wuri ya yi tsit yakan dawo. Da hayaƙi ya lafa na ga kan surin nan ya tafi, gara tana ta zubowa. Daidai inda fuskarsa take ɗazu, ganyen masara ya zama tsumma. Goggo tana zaune daɓas a ƙasa, ɗankwali a cinya.

Bappa ya lalubo ni. Ya shafa kaina, ya shafa fuskata, ya bi kafaɗuna da bayana da tafin hannu yana kai shi hanci ko zai ji jini. Ya kama yatsuna ya bi su ɗaya ɗaya. Sai da ya tabbata babu inda na fashe, sannan ya buɗe mini tafin hannu ya ɗauki notin. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai shi dab da ido.

Ya ce, "Kwana biyar noti na mutane a wajenka, ko man gyaɗa ba ka shafa masa ba. Ji tsatsa."

Na fashe da kuka, ina yi ina dariya, na kasa tsayar da ko ɗaya.

Ya je wajen bindigar yana lalube. Itacen da ƙarfen lafiya lau. Kunama ce babu. Notin keken ya karye gida biyu, ita kuma ta yi tsalle ta faɗa wani wuri cikin gonar da masararta ta fi mutum tsawo. Goggo ta samu murya ta ce, "Hamma, notin kekena fa?" Ya ce ya raka baƙo, bai dawo ba tukuna.

To kun ji. Kwana biyar yana da kunama babu noti, yanzu ga noti babu kunama. Asabar da maharba suka biyo ta ƙofar gida su yi masa sallama, yana can cikin masara tun da gari ya waye, yana jan mayen ƙarfe kunya kunya. Ya aiko a ce musu su yi gaba, yana tafe. Ya samo kusa, ya samo bakin tsohuwar fartanya, ya samo cokalin Goggo da ya ɓata tun bara. Kunama dai har yau tana can. Zakara aka sake shi ba tare da an ba shi haƙuri ba.

Bayan kwana huɗu maharban suka dawo da wasu daga cikin shanun, da mutum ɗaya a goye a bayan mashin, harsashi ya shige shi a cinya. Saurayi ne mai ido biyu garau. Bappa ya je ya duba shi ya dawo ya shige ɗaki. Ni kuwa kwana tara bai yi mini magana ba, in ban da ruwa da buta. Goggo ya yi faɗa da ita ya gama a yini ɗaya, don ita abokiyar faɗansa ce tun suna yara. Ni ce bai san yadda zai yi da ni ba. Juma'a ta zagayo ya shafa wa bindigar mai shi kaɗai, bai kira ni ba. Na zauna a bayan rumbu na yi kukana.

Sai zazzaɓin nan ya kama shi. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, jiki ya ƙi. Na shiga wani tsoron kuma, kada ya tafi da ni a ransa, kada a ce baƙin cikin abin da na yi ne ya kwantar da shi. Ranar da ya ɗan samu sauƙi, da hantsi, na kai masa kunu. Na durƙusa a bakin gadon, gwangwanaye suna taɓa mini gwiwa, na ce Bappa ka yafe mini.

Ya ce, "Shekara hamsin ina da bindiga nan. Kullum a bayansa nake tsayawa. Gabansa ban taɓa gwadawa ba. Kai ka gwada. Yaya yake?"

Na ce babu daɗi, Bappa.

"Haka nake zato. Ko gwanki ɗaya bai taɓa dawowa ya ba ni labari ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kofi ya kurɓa. Da ya lafa ya nemi hannuna ya riƙe. Ya ce ya yafe tun a cikin masara, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya ce ni ma in yafe masa, shi ya sa na tsaya a wurin. Na ce na yafe. Ya ce to in tashi in daina jiƙa masa tabarma, sabuwa ce.

Bayan kwana biyu ya cika, ana kiran azahar, Goggo tana riƙe da kansa.

Allah ka jiƙan Bappa Sali. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ya Allah, ranar nan sai da ya duba ko na ji ciwo kafin ya waiwayi laifina. Ka karɓe shi haka.